Garkar furanni a bakin kogi, wajen Yantala

Da ƙanwata ta haihu a farkon Satumba, na ce wannan karon ba furen roba na kasuwa zan kai mata ba. Maƙwabciyata ta yi mini kwatancen wata garka a bakin kogi, wajen unguwar Yantala a Yamai, cikin jerin masu sayar da dashe. Na isa ƙarfe bakwai na safe, kuma gara da na yi sammako, don mai garkar ba ya yanka fure in rana ta ɗaga. Ya ce kafin a kai gida sun langaɓe.

Ƙarshen damina ne lokacin wannan wuri. An shuka iri da ruwan Yuli, ruwan Agusta ya raine shi, yanzu babu fangalin da bai cika ba. Ziniya ta fi yawa, wadda asalinta daga Meksiko take amma zafin Yamai ya karɓe ta: ja, ruwan ɗorawa, shunayya, fara. Akwai wani jawur mai kama da zankon zakara, in ka shafa shi sai ka ce karammiski. Ga kuma wasu ƙanana dunƙulallu kamar maɓallin riga, waɗanda ko sun bushe launinsu ba ya gushewa. Na daɗe tsaye ban ce komai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne dattijon bai miƙo mini almakashi ya tafi abinsa ba. Ya ce, "Ɗiyata, kama karan ki girgiza. In kan ya yi lilo, bar shi sai jibi. In ya tsaya ƙyam, yanke." Da ya ga ina yanka gajeru don tausayin shukar, ya ce, "Sauka ƙasa, yanka ke sa ta yi sabon reshe." Da hannunsa ya zage ganyen ƙasa, don shi ke ruɓewa ya ɓata ruwa. Jika biyu na biya, damin ya cika mini hannu.

Amma ku zo da takalmin roba da bokitinku. Hanyar laka ce tsantsa, sauro na cizo tun da safe, kuma ba shi da abin zuba ruwa da zai ba mai saye. Inda na ji haushi da gaske: na yanki reshen bugenbiliya uku daga shinge, ya ƙidaya su cikin kuɗi, bai gaya mini ba sa jure yanka ba. Kafin la'asar sun zube.

Sauran kuwa sun yi. Kullum da safe muna sake ruwa, mu ɗan datse gindin karan, mu ajiye su nesa da taga. Har ranar suna ziniyar na tsaye cikin kwalba kusa da gadon mai jego. Dunƙulallun nan Inna ta ɗaure su da zare, ta rataye a ƙusa bisa ƙofa.