Kyamararka na sanyi in kana ɗauka a jere? Ga katin memorin da ya kamata ka saya a Maradi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kokowa a filin Kantu, ko hawan sallar Sarkin Katsinan Maradi, ya san abin nan. Ka danne maɓalli, kyamara ta kama ƙas-ƙas-ƙas da ƙarfinta, can sai ta fara jan ƙafa, ƴar fitilar bayanta na ta walƙiya. A daidai lokacin kuma ake kaye. Wasu daga nan sai su ce kyamara ta tsufa, su shiga neman mai saye. Yawanci lafiyarta lau, katin memori ne ya gaza.

Ga yadda abin yake. Hoto ba ya zarcewa kati kai tsaye, sai ya fara sauka a wata ƴar ma'ajiya da ke cikin kyamara, bafa, daga nan ya gangara. Kamar mazurarin masu sayar da fetur a bakin hanya ne: in wuyansa ƙarami ne, komai saurin zubawarka dole ka dakata. Hoton RAW, wato ɗanyen hoto da ba a sarrafa ba, na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabayit 25. Nikon D3500 na ɗaukar 5 a daƙiƙa, ka ga 125 ke nan. Katin da ke karɓar 10 kacal a daƙiƙa, da zarar bafa ta cika, hoto guda sai ya ci maka daƙiƙa biyu da rabi.

Amma a gane, kati ba ya ƙara wa kyamara gudun da ba a ƙera ta da shi ba. Canon 2000D hoto 3 take yi a daƙiƙa, ko katin zinariya ka sa mata. Sannan in tun hoton farko take sanyi, kar ka kashe ko dala: duba ko a CL (jere a hankali) ka bar ta maimakon CH (jere da sauri), ko batir ya yi ƙasa, ko filasha ce ke jiran caji, ko duhu ya sa saurin shata ya sauka. Ajiye kowane hoto a RAW da JPEG (hoton da aka matse) lokaci guda ma na cika bafa da wuri.

To, wane kati? Ni dai nawa zaɓin bai taɓa canzawa ba: babban katin SD mai alamar V30 da U3, giga 64, guda biyu. Alamar V30, haka ma U3, alkawari ce cewa rubutun katin ba zai yi ƙasa da megabayit 30 a daƙiƙa ba, masu kyau kuma sun wuce haka nesa. SanDisk Extreme Pro mai giga 64, wanda na fi so, kamfanin ya ce yana rubutu har 90. Yawancin kyamarorin da ke hannun masu hoton biki a garin nan tsarin karatu da rubutun kati mai suna UHS-I gare su, wanda iyakarsa megabayit 104 a daƙiƙa, saboda haka wannan katin ya kusa ƙure abin da za su iya. Da shi za ka ga fitilar nan ta mutu da wuri, lambar nan da Nikon ke nunawa da harafin r a gabanta, wato yawan hotunan da bafa za ta iya ƙara karɓa, ta koma sama kafin ƴan kokowa su sake kama juna. Dalilin cewa biyu kuwa, in ɗaya ya lalace ranar ɗaurin aure, rabin aikin na aljihunka. Lexar, Kingston da Samsung su ma suna da V30 masu kyau, in shi ka rasa.

Kar babbar lambar da ke gaban kati ta ruɗe ka. Wannan 170 ko 200 ɗin saurin karantawa ne, na lokacin kwashe hotuna zuwa kwamfuta. Mai ɗauka a jere ruwansa da rubutu.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Mai alamar 10 a cikin da'ira ko U1 kaɗai, wato mai alkawarin megabayit 10 kacal a daƙiƙa, bar wa rediyon mota. Ƙaramin katin waya da ake cusawa cikin adafta, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta raba ku. Masu V60 da V90 na UHS-II, waɗanda ke da layi biyu na haƙoran ƙarfe a baya, ba laifi in kana da Canon 90D ko Sony A7 III, ita Sony ɗin ma ramin katinta na farko ne kawai ke cin moriyarsa; in kyamararka ba ta da wannan tsarin, kuɗinka ka zubar. Mai Canon 5D Mark III kuma ya riƙe katin CF, wato ɗayan nau'in katin da take ɗauka, wanda ya fi SD girma, ramin SD ɗinta sanyi gare shi tun daga kamfani.

Babbar masifar ita ce jabu, kuma a nan na fi so a saurare ni. An taɓa sayar mini da kati mai giga 128 a cikin kwalinsa, liƙe tsaf. Na ɗauki kamu da ɗaurin aure, kyamara na nuna komai daidai. Da aka zo kwashewa, yawancin hotunan ba su buɗuwa, wasu rabi hoto rabi toka. Uwar amarya har yau ba ta amsa gaisuwata da daɗi. Dabarar ƴan jabu ita ce su ɗauki kati mai giga 8 ko 16, su sauya masa bayanin ciki ya riƙa cewa shi 128 ne. Da ya cika gaskiyarsa, sai ya hau kan tsofaffin hotuna ko ya zubar da sababbin, ba tare da ya ce uffan ba. Kuma manyan sunaye suke liƙawa, don su ake nema.

Kaya na shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu daga Yamai, na gari da na banza a kwali ɗaya, wani lokaci mai shagon kansa bai sani ba. Riƙe katin kusa da ido. Duba ko rubutun ya yi dishi-dishi, ko takardar gaba ta karkace, ko ɗan makullin gefe na lilo, ko babu lambobi a baya. Farashin da ya faɗi rabi shi ma shaida ne. Sai dai ƴan jabun yanzu sun ƙware, ido kaɗai bai isa ba.

Gwaji ne ke raba gardama. Akwai manhaja ta kyauta, H2testw, da ke cika kati maƙil a kwamfuta sannan ta karanto, ta faɗa maka girmansa na gaskiya da saurin rubutunsa. Yakan ɗauki lokaci, a bar shi ya gama. Tun kafin ka miƙa kuɗi ka ce, "Alhaji, zan gwada shi a kwamfuta, in bai cika ba zan maido." In ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa, yi masa sai an jima. In ya yarda, tafi da kyamararka shagon ma: goge katin a cikinta, sa RAW, danne maɓalli har ta tsaya, ka ƙirga daƙiƙa nawa fitilar bayanta za ta yi kafin ta mutu, sannan ka maimaita da tsohon katinka a gabansa.