Koriyar sitika, ta gwal, ko wanda ba a manna wa komai ba: wane kwabo ya kamata ka saya?

Duk wanda ya fara leƙa shafukan gwanjon tsofaffin kuɗin Amurka irin su Heritage ko Stack's Bowers ko ma eBay, dole zai ci karo da wannan abin. Kwabo biyu ne, shekararsu ɗaya, kamfani ɗaya ne ya tantance su ya rufe su cikin gidan roba, makin da aka ba su ma ɗaya ne, amma ɗayan an manna masa wata 'yar ƙaramar sitika koriya mai ƙyalli a jikin robar, sai kaga kuɗinsa ya ɗara na ɗan'uwansa, wani lokacin ma ba kaɗan ba. Toh tambayar ita ce wannan ƙarin da za ka biya me kake saye da shi, kuma yaushe ya cancanta ka biya, yaushe kuma asarar kuɗi ce kawai.

Sai an fara daga robar kanta tukun. Manyan kamfanonin tantance kwabo guda biyu ne, PCGS da aka kafa a 1986 a Kalifoniya da NGC da aka kafa a 1987 wanda yanzu yake Sarasota a jihar Fulorida. Aikinsu su duba kwabon su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 70, sannan su rufe shi ruf da takarda mai lambar shaida a ciki. Wannan ma'aunin na 70 ya samo asali ne daga William Sheldon tun 1949. Daga 60 zuwa 70 shi ne kwabon da bai taɓa yawo a hannun mutane ba, shi ake rubuta wa MS, kamar MS63 ko MS65. Matsalar ita ce kwabo dubu za su iya samun MS65 amma ba kyansu ɗaya ba. Kamar ɗalibai ne biyu da suka samu B a jarrabawa, ɗaya da ƙyar ya tsallako ɗayan kuma maki ɗaya ya hana shi A, a takarda duk B ne amma malaminsu ya san bambancin. Sitika ta zo ne don ta faɗa maka wane irin B ne a hannunka.

Wadda ta fi kowacce nauyi a kasuwa ita ce ta CAC, kamfanin da ke sake duba kwabon da aka riga aka rufe a roba. John Albanese ne ya kafa kamfanin a 2007 a jihar Niyu Jazi, kuma mutumin ba baƙo ba ne a harkar, yana cikin waɗanda suka kafa PCGS kuma shi ya kafa NGC. Yadda suke kallon abin shi ne kowane maki yana da hawa uku, A da B da C. A shi ne wanda ya kusa hayewa maki na gaba, B yana zaune daram a makinsa, C kuma shi ne wanda ya shiga da ƙyar. Koriyar sitika A da B ake ba wa. Ma'anarta kenan, ba ta ce kwabon ya fi makin da ke rubuce ba, cewa ta yi makin ya dace da shi sosai kuma ba su ga alamar an yi masa kwaskwarima ba. Wannan na biyun ni a wajena ya fi muhimmanci, don akwai masu wanke kwabo da sinadari, da masu shafa wani abu su toshe ƙarce a fuskar kwabon zinare, da masu yi wa azurfa launin ƙarya, kuma wasu irin waɗannan sukan kuɓuce wa masu tantancewa su shiga roba, sai bayan shekaru abin da aka shafa ya fara canza kala a cikin robar kai kuma ka riga ka biya.

Wani abu da yasa 'yan kasuwa suka yarda da ita, CAC ba manna sitika kawai suke yi su juya baya ba, suna sayen kwabon da suka manna wa da kuɗinsu. Wanda ya san zai iya zama mai sayen kayan gobe ba zai yi sakaci wajen dubawa yau ba. Har Greysheet, mujallar farashin da dillalan Amurka suke bi, tana ware farashin masu sitikar CAC daban.

Sai ta gwal, ita ma ta CAC ce, wadda ba kasafai ake ganinta ba. Ita ma'anarta kwabon an rage masa maki, wato da za a ɗaga shi zuwa maki na gaba ma zai iya samun koriya a can. An fi samunta a tsofaffin robobi na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da mutane da yawa ke ganin an fi tsanantawa wajen ba da maki. A nan ne nake so mai saye ya nutsu, don sau da yawa farashin MS64 mai sitikar gwal yakan kai na MS65 ko ya wuce shi, saboda akwai masu tara sitikar kanta don ƙarancinta. In niyyarka ka fasa robar ka sake turawa a ɗaga maka maki, ka sani da zarar ka fasa sitikar ta tafi kenan, tsohuwar robar ma ta tafi, kuma babu wanda ya yi maka alkawarin PCGS ko NGC za su yarda da ra'ayin CAC. Ni dai sabon shiga ba zan ba shi shawarar bin ta gwal ba, wasan waɗanda idonsu ya riga ya buɗe ne.

Yanzu zaɓin da aka fi fuskanta. Mu ɗauki dalar azurfa ta Morgan, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904 sannan aka sake a 1921. Ga MS64 mai koriya ga MS65 marar komai, wanne za ka ɗauka? Amsar tana ga tazarar farashi tsakanin makin biyu. In shekarar mai yawa ce kamar 1881 ta San Faransisko wadda masu kyau sun cika kasuwa, tazarar ba ta da yawa, ka duba hoto da kyau ka ɗauki wanda ya fi yi maka kyau shikenan, ba sai ka biya ƙari mai yawa don sitika ba. Amma in shekara ce da maki ɗaya kacal ke ninka farashi, toh a nan MS65 marar sitika haɗari ne babba, domin in ya kasance C ne, ranar da za ka sayar dillali zai kalle shi ya taya kusa da kuɗin 64, kai kuma kuɗin 65 ka biya. A irin wannan gara 64 mai koriya sau goma, ko kuma ka haƙura ka tara kuɗi ka sayi 65 mai koriya. Haka kuma tsofaffin kuɗin zinare irin dala ashirin ta Saint-Gaudens da aka buga daga 1907 zuwa 1933, su ne aka fi yi wa gyaran fuska saboda zinare yana da laushi yana saurin ƙarcewa, a wajensu sitikar tana da amfani ƙwarai musamman ga wanda yake saye daga nesa bai riƙe kayan a hannu ba ya juya shi ƙarƙashin fitila.

Amma fa kar a ɗauka duk kwabon da ba shi da sitika an ƙi shi ne. CAC ba sa fitar da jerin waɗanda suka faɗi, waɗanda suka ci kawai za ka gani a shafinsu. Kwabo marar sitika yana iya zama bai taɓa zuwa wajensu ba, musamman in ƙaramin kuɗi ne da kuɗin turawa da inshora zai cinye ribar. Sai dai ka yi amfani da hankali, kwabon dubban daloli a hannun babban dillali ko babban gwanjo, kusan duk na kusa da shi a shafin suna da koriya shi kaɗai ba shi da ita, akwai yiwuwar ya je ya dawo hannu rabbana. Ka tambayi mai sayarwa kai tsaye an taɓa tura shi? Mai gaskiya zai faɗa maka. Kuma ko an ƙi shi ba wai kwabon banza ba ne, C ma halattaccen maki ne, kawai a kuɗin C za ka saye shi.

Akwai kuma alamomin da suke kan takardar ciki, mutane na haɗa su da sitika alhali daban suke. Alamar + da PCGS da NGC suka fara sakawa a 2010 tana nufin kwabon yana saman makinsa, ra'ayin kamfanin da ya ba da makin ne da kansa, ita kuwa sitika ra'ayin wani ne daga waje. Shi ya sa in aka ce in zaɓa tsakanin + da koriya na fi karkata ga koriya, ido biyu daban sun gani. Ka kuma lura in kaga MS64+ da koriya, sitikar 64 ɗin take tabbatarwa, ba + ɗin ba. Tauraron NGC shi kuma kyan gani yake nufi, launi ko ƙyalli na musamman, ba ƙarin maki ba. Su First Strike da Early Releases na sababbin kuɗi ba ruwansu da inganci, lokacin da kayan ya isa kamfani kawai suke nunawa, ni ban ga dalilin biyan ƙari a kansu ba. In kuma kaga an rubuta Details ko Genuine babu lambar maki, kwabon na gaske ne amma yana da matsala kamar wanki ko huji ko ƙarce, irin wannan ba ya samun koriya kwata-kwata, in ka gan ta a jikinsa ka tsaya.

Daga 2023 abin ya ƙara sabon salo, CAC suka buɗe nasu sashen tantancewa a garin Bajiniya Bic na jihar Bajiniya suna rufe kwabo a tasu robar, tambarin koren yana buge a takardar ciki ba mannawa aka yi ba. An san su da tsanani. Bambancin kawai shi ne a nan kamfani ɗaya ne ya ba da makin, ba biyu ba kamar robar PCGS ko NGC mai sitika.

Sauran sitikun zan bi su da sauri. Photo Seal ta Eagle Eye, wadda Rick Snow yake bayarwa, ta ƙananan kwabban Amurka ce na cent ɗaya, wato Flying Eagle da Indian Head, kuma masu tara waɗannan suna girmama ta don fanninsa ne, in su kake tarawa tana da daraja. CMQ ta fito a 2023 daga David Hall, wanda shi ma yana cikin waɗanda suka kafa PCGS, tare da Stack's Bowers. Akwai QA da MAC da aka fi gani a kan kuɗin zamani, akwai kuma sitikun da dillali ke bugawa da kansa ya manna wa kayansa ya rubuta PQ, wato mai inganci na musamman, ko wani abu mai kama da haka. Awon da nake yi musu duka ɗaya ne, shin wanda ya manna ta shi ne mai sayar min da kayan, kuma in na tashi sayarwa wani dillalin daban zai ƙara min ko sisi saboda ita? In amsar farko e ce ta biyu a'a, ka sayi kwabon a farashin marar sitika. Waɗanda suke bayan robar kuma masu layi-layin baƙi da lambobi yawanci na gidan gwanjo ne ko lissafin shago, ba su da alaƙa da inganci, sai hologiram ɗin kamfanin da ya rufe robar wanda shi na tsaro ne.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Da yawanmu abin da ke jan hankalinmu kuɗin da kakanninmu suka kashe ne, anini da ɗari da kwabo mai huji na Afirka ta Yamma zamanin Turawan Ingila masu rubutun Larabci a jiki, har da na 1936 masu sunan Sarki Edward na takwas, ko dalar Mariya Tiriza mai shekarar 1780. PCGS da NGC suna tantance irin waɗannan, amma koriyar CAC ta kuɗin Amurka ce. Don haka in wani ya nuna maka kwabo mai huji a roba da koriyar CAC yana neman ƙari, sitikar ba daga inda ya ce ta fito ba. Ta kuɗin sauran ƙasashe ita ce WINGS, tana da ta gwal da ta azurfa, sai dai tasirinta a farashi bai kai na CAC ba, kar ka biya mata irin wancan ƙarin.

Kafin ka tura ko dala ɗaya, ɗauki lambar shaidar da ke kan takardar ka saka ta a shafin PCGS ko NGC ka ga shekara da maki sun yi daidai, in akwai hoto ka gwada shi da na mai sayarwa tabo da tabo, don ana buga robar jabu da lambar gaske. Sannan ka saka wannan lambar dai a shafin CAC, in da gaske sun manna za ta fito har da kalar sitikar. In ba ta fito ba kar ka saurari wani dogon bayani. Ka kuma nemi hoton gaba da baya na robar gaba ɗayanta, ba na kwabon kaɗai ba, ka duba gefen sitikar ko ya ɗago ko akwai alamar an ɓamɓaro ta daga wani wuri, don an yi ta ne yadda in aka cire za ta lalace. Sai ka shiga tarihin gwanjon Heritage, rajista kyauta ce, ka nemo wannan shekarar da wannan makin ka ga nawa mai sitika ya tashi nawa marar ita ya tashi a 'yan watannin nan, wannan tazarar ita ce iyakar ƙarin da ya kamata ka yarda ka biya, kuma ka tuna ka lissafa da kason gidan gwanjo da kuɗin aikowa da inshora kafin ka ce ka taya.