Nancy Drew: bugun 1930 ko na 1959, wanne ya kamata a saya?

Littattafai biyu ne ke yawo a kasuwa da suna ɗaya, The Secret of the Old Clock, littafi na farko a jerin labaran Turanci na yara kan Nancy Drew, yarinya mai binciken sirri, kuma sunan Carolyn Keene ne a bangon kowanne. Masu saye da yawa ba sa gane haka sai littafin ya iso hannu. Na farko kamfanin Grosset & Dunlap na Amurka ne ya fitar da shi a 1930, Mildred Wirt ce ta rubuta shi bisa tsarin da Edward Stratemeyer, wanda ya ƙirƙiro jerin, ya shata, domin Carolyn Keene sunan aro ne. Na biyu kuwa 'yar Stratemeyer, Harriet Adams, ta sake masa fasali a 1959. Jigon bai canza ba: attajiri Josiah Crowley ya rasu, iyalan Topham sun handame gadon, Nancy, 'yar lauya Carson Drew, ta shiga neman wasiyya ta biyu, kuma bakin zaren yana ɓoye cikin wani tsohon agogo.

Kafin a yi maganar kuɗi, a ƙirga babi. Rubutun 1930 babi 25 ne, shafi 210 ko kusa da haka. Na 1959 babi 20 ne, shafi 180. In mai sayarwa ta intanet ne, a nemi hoton shafin jerin babi, shi ne hujjar da ba ta ƙarya. Akwai kuma alama a farkon labarin: a tsohon rubutu Nancy shekararta 16, tana hira da mahaifinta kan batun gadon, a sabon shekararta 18, kuma ana buɗewa ne da yadda ta ceci wata yarinya Judy da ta faɗo daga gefen gada.

A nan ra'ayin masu karatu ya rabu gida biyu. Masu son na 1930 suna cewa Nancy ɗin can ta fi ƙarfin hali da kaifin baki, ba ta jiran kowa ya ba ta izini, kuma marubuciyar ta ba kanta lokaci wajen siffanta hanya, ruwan sama da zaman talakawan da aka hana gado. Suna ganin gyaran 1959 ya ladabtar da ita fiye da kima. Masu son na 1959 kuma suna cewa ya fi sauri, kowane babi yana ƙarewa da abin da zai sa yaro ya buɗe na gaba, kuma Turancinsa ya fi sauƙi. Duka biyun suna da gaskiya. Sai dai akwai abin da bai kamata iyaye su tsallake ba. A tsohon rubutu, Jeff Tucker, mai gadin gidan iyalan Topham na bakin tafki, Baƙar fata ne da aka nuna a matsayin mashayi abin dariya, da Turanci karyayye. Wannan cin fuska ne ƙarara, kuma yana cikin abubuwan da aka cire a 1959. Ba littafin da za a miƙa wa ɗan shekara 9 a juya baya ba ne. In za a karanta, a zauna tare a yi masa bayanin zamanin da aka rubuta shi.

Saboda haka, ga yaron firamare ko ƙaramar sakandare, musamman wanda Turanci ba harshen gidansu ba ne, na 1959 ya fi dacewa. Shi ne mai launin rawaya a gefen ɗinki, da hoto a jikin bango, fasalin da aka fara a 1962. Yana da araha, yana da yawa a gwanjo, kuma bangonsa mai ƙarfi yana jure jakar makaranta. Babba ko matashin da ke son asalin rubutun ya nemi bugun Applewood Books na 1991, wanda ya kwaikwayi na 1930 har da zanen Russell Tandy. Takardarsa ta fi ta tsoffin kwafi na asali lafiya nesa ba kusa ba.

Tsoffin kwafi na asali sai mai tara littattafai, kuma a nan aka fi tafka asara. Ganin 1930 a shafin haƙƙin mallaka ba ya nufin bugun farko ne, domin kamfanin ya yi ta sake bugawa shekara da shekaru ba tare da ya taɓa wannan shekarar ba. Abin dubawa shi ne jerin sunayen littattafan da ke jikin rigar takardar da ke lulluɓe bango. Littattafai uku aka fara fitarwa tare, don haka kwafin da ya jero goma ko ashirin daga baya aka buga shi. Rigar kanta ita ce ke ɗauke da mafi yawan darajar. In babu ita, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Kwafin shekarun yaƙin duniya na biyu kuma an yi su da takarda mara inganci, tana komawa ruwan ƙasa, gefen shafi yana karyewa in aka lanƙwasa. A buɗe tsakiya a duba ɗinki, a shinshina ko akwai warin danshi, domin fumfuna tana bin sauran littattafan da ke kusa.

Wanda zai sayi jerin gaba ɗaya ya kula da abu biyu. Gyaran ya shafi littafi na 1 zuwa na 34 ne, an kuma yi shi sannu a hankali daga 1959 har 1977, don haka bango mai rawaya yana iya ɗauke da tsohon rubutu a wasu lambobin. Ƙirga babi ne kawai zai raba gardama. Daga na 35 zuwa na 56 kuwa babi 20 aka rubuta su tun farko. Sannan yaron da ya san ƙawayen Nancy, Bess da George, daga wani wuri ba zai same su a littafin farko ba. Helen Corning ce ƙawarta a nan, su kuwa sai a littafi na 5 suke fitowa.