Peugeot 504 na zafi bayan sauke inji: a cire tamostat ko a gyara lagireto?

Wani malam ya ce ya sauke injin 504 ɗinsa, an sa sabon ring da fistin da gasket, amma tunda ya karɓo ta allurar zafi take hawa. Kanikawa biyu sun ba shi shawara, kowa da tasa. Na farko ya ce a cire tamostat a ɗaure fanka dairek, na biyu ya ce a bar tamostat a koma kan lagireto. Yana so ya san wanne zai bi.

Malam, ni dai na fi karkata ga na biyun, amma na farkon ma yana da rabin gaskiya.

Rabin gaskiyarsa ita ce fanka. Fankar 504 ba kullum take kamawa ba. Tana da kuloci na maganaɗisu, sai ruwa ya yi zafi sannan wani ɗan suwic da ke jikin lagireto ya ba ta wuta ta kama. Motar da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka riƙa haɗa ta a Kaduna daga 1975, ba mamaki suwic ɗin ko gawayin da ke kai wa kulocin wuta ya daɗe da mutuwa. Za ka ga fanka tana juyawa, amma iska ce kawai ke kaɗa ta. Ɗaure ta dairek yana maganin wannan, kuma a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato, inda ake haura digiri 40, ba na ganin laifin wanda ya yi hakan. Abin da za ka biya shi ne ƙarar fanka da ɗan ƙarin shan mai.

Cire tamostat kuwa wani zance ne daban. Tamostat ƙofa ce kawai: tana rufe da safe don inji ya yi saurin ɗumama, idan ruwa ya kai wajen digiri 75 zuwa 82 ta buɗe. Da zarar ta buɗe ta gama aikinta. To motar da allurarta ke kusa da ja, tamostat ɗinta ta daɗe a buɗe, cire ta ba zai ƙara wa lagireto ƙarfin sanyaya ruwa ba. Sai dai in ta maƙale ne, wannan kuwa gwajinsa a kicin ake yi: jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta, in ba ta buɗe ba kafin ya tafasa, sayi wata. Illar cirewa sai da hunturu take fitowa. Inji ya daɗe yana aiki da sanyi, fetur yana wanke man da ke jikin silinda, sabon ring ɗin da ka kashe wa kuɗi ya ci kansa da wuri.

Shi kuwa lagireto, nan ne ake yawan yin sakaci. A sabunta inji tas, a mayar masa da lagireton da ya shekara talatin yana shan ruwan rijiya da na burtsatse. Gishirin ruwan nan da tsatsa sun toshe rabin bututun ciki, ga ƙurar hunturu ta like tsakanin fikafikan waje. Sabon inji kuma ya fi tsoho zafi a kilomita dubu na farko, domin komai a matse yake. Ka kai shi wurin masu lagireto su buɗe tankin, su zura ƙarfe bututu bayan bututu. In cikin ya ruɓe, a sa mai layi uku. Na tagulla ya fi mini, saboda ko a ƙauye ya fashe ana like shi da dalma, amma mai kan roba in ya tsage ya tafi ke nan. Kar ka raina murfi: ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, murfi mai riƙe matsi yana ɗaga wannan sama sosai. In robarsa ta bushe, canza shi da irin lambarsa. Ka daina zuba ruwan famfo zalla, haɗa tataccen ruwa da kulant, wato ruwan maganin da ake zuba wa lagireto.

Motar da kanta za ta gaya maka wane bakanike ne ya canka. In a cunkoson cikin gari take zafi, ka hau titin Zariya allura ta sauka, matsalar iska ce, duba fanka da fambel. In kuwa a kan gudu take hawa, lagireto ne ko famfon ruwa. In duka biyun lafiya suke, a duba taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, domin wutar da ta yi latti tana dafa inji.

Kan injin 504 na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Allura ta kusa ja, faka ka kashe, kar ka buɗe murfi sai ta huce. Bayan kilomita dubu kuma ka koma a sake ɗaure kusoshin kan injin.