Me mai shirin jarrabawar ilmin halittu zai fara saya?

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne kacal, sayi kundin tsofaffin tambayoyin jarrabawar da za ka zauna, mai bayanin amsa dalla-dalla. Jarrabawar neman gurbin digiri na biyu ko na uku ta fi ƙarfi wajen lissafi da fassara sakamakon gwaji, kuma hannu ba ya faɗawa sai da yawan gwadawa.

Kafin ka biya, buɗe babin gadon halitta ka nemo tambayar Hardy-Weinberg, wato lissafin yawan nau'o'in ƙwayar gado a cikin jama'a, inda q ke nufin kason nau'i mai ɓuya, p kuma na mai rinjaye. A ce wata cutar gado mai ɓuya ta bayyana a jikin kashi 4 cikin 100 na jama'a, wato q² ya zama 0.04. Kundin kirki zai bi da kai daki-daki: q ya zama 0.2, p 0.8, masu ɗauke da gadon ba tare da alama ba su ne 2pq, wato 0.32. Wanda ya rubuta "amsa ita ce C" ya wuce, mayar da shi inda ka ɗauko.

Manyan littattafai irin Lehninger da Molecular Biology of the Cell na Alberts na komawa ne idan abu ya shige maka duhu. Kowannensu ya haura shafi 1,000, ga tsada. Tsohon bugu ya fi araha, kuma yawanci ya wadatar, sai dai a lura: tsofaffin littattafai da yawa na cewa ƙwayar gulukos ɗaya na ba da ATP (sinadarin da ke ɗauke da makamashi a ƙwayar halitta) 36 zuwa 38, sababbi kuma 30 zuwa 32. Bugun da ya riga 2012 ba zai koya maka gyaran ƙwayoyin gado da fasahar CRISPR-Cas9 ba. Mai son gyara tushe ya sauke Biology 2e na OpenStax, kyauta ne daga Jami'ar Rice.

Haddar amino asid 20 da matakan zagayen Krebs na samar da makamashi kuwa, Anki, manhajar katunan hadda, ta isa. Kyauta ce a kwamfuta da Android, a iPhone ne ake biya. Ka rubuta katunanka da kanka, sun fi zama a ka.

Darussan bidiyo na biya su nake sa wa a ƙarshe, don kallo kan sa mutum ya ɗauka ya iya alhali bai gwada ba.

Kuma duk abin da za ka saya, fara gwada shi da jerin darussan jarrabawarka ta bana. An daina jarrabawar GRE ta ilmin halittu, ta neman gurbin babban digiri a Amurka, tun 2021, amma har yanzu ana cin karo da littattafan shirinta a kasuwa.