Na shiga onsen a Beppu, amma sai da na kulle ƙofa

Wata uku na yi a Japan ban leƙa gidan wankansu ba. Ba tsada ce ta hana ni ba, kunya ce. A sento, gidan wankan unguwa da ake dafa ruwansa, kowa tuɓewa yake yi zir, ko gajeren wando ba a shiga ruwa da shi. An raba maza da mata, labulen ƙofa da suke kira noren yawanci shuɗi ne na maza, ja na mata. Duk da haka, ni a wurina al'aura al'aura ce.

Da na je Beppu, a lardin Oita, sai tsohuwar da na sauka a gidanta ta ce in nemi kashikiri, wato ɗakin wanka da mutum zai kama shi kaɗai ko da iyalinsa na awa guda. Na samu ɗaya a unguwar Myoban, can kan tudu. Wannan onsen ne na gaske, wato wurin wankan da ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa da zafinsa, fari kamar an dama koko, ga warin farar wuta tun daga bakin titi.

Ko kai kaɗai ne, ƙa'ida ba ta canzawa. Ka zauna a ƙaramar kujera ka cuɗe jikinka tas da sabulu, ka ɗauraye, ka kwarara ruwan zafin daga ƙafa zuwa sama don jiki ya saba, kakeyu ke nan. Kwamin ba na wanka ba ne, na jiƙa jiki ne. Ɗan tawul ɗinka kuwa a ka ake ɗora shi, kada ya taɓa ruwa.

Minti biyun farko na ɗauka dahuwa zan yi. Daga nan ciwon bayan da na kwaso a jirgin ƙasa ya sake ni, na lumshe ido. Wallahi ban so fita ba.

Kuskure biyu na yi. Na daɗe a ciki har jiri ya kwashe ni da na miƙe, kuma na manta ban cire zobena na azurfa ba, ya fito baƙi ƙirin. Kuɗin ya fi na wankan taro nesa ba kusa ba, amma zan sake biya. Da na fito na sayi madara mai kofi a kwalba, mai sanyi, na shanye a tsaye kamar yadda na ga tsofaffin garin suna yi.