Daga Birmingham zuwa Daura: takardun da ake nema kafin a ba mutum lasisin tuƙi

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ka da kyau, da fatan Inna da sauran mutanen gida suna nan lafiya. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin labarin cewa yaron nan namu ya samu gurbin karatu a nan Ingila, Allah ya sanya albarka. Ka tambaye ni ko lasisin tuƙin da ya yi a gida zai yi masa aiki a nan, da irin takardun da za a nema a hannunsa. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, kuma ba shi kaɗai ne mai shirin tahowa daga wajenmu ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Lasisinsa na Najeriya zai yi aiki, amma na wata 12 kacal daga lokacin da ya zama mazaunin ƙasar, muddin bai ƙare ba. Daga nan ya koma ɗan koyo, ko da ya shekara goma yana jigila tsakanin Daura da Kano. Akwai ƙasashen da ake musanya wa mutanensu lasisi ba tare da jarrabawa ba, irin su Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Japan da Kanada, amma babu Najeriya a cikinsu. Sannan a hannun hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama. Tsofaffin direbobin tasha ba za su ga baƙon abu a nan ba, tunda mu ma haka muke yi har zuwa 1972 da aka koma hannun dama.

Ka san yadda abin yake a gida. Mutum ya fara da makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita, ya karɓo takardarsu, ya cike fom a intanet, ya biya kuɗi, ya bi ta ofishin haraji na jiha, 'yan VIO su gwada shi, sannan ya je wurin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, a ɗauki hotonsa da na yatsunsa. A ba shi na wucin gadi na kwana 60 kafin katin ya fito, na shekara uku ko biyar. Hukumomi uku ke nan, kuma dole a gan ka ido da ido. Ga lambar NIN mai alƙaluma 11 da yanzu babu lasisi sai da ita.

A nan kuwa, har aka ba ni lasisin koyo ban ga fuskar ma'aikaci ko ɗaya ba. Hukumar da ke bayarwa, DVLA, tana can Swansea a yankin Wales, kuma yawancin masu lasisi a ƙasar nan ba su taɓa taka garin ba. A waya ake cike fom, a biya fam 34, ko fam 43 idan ta gidan waya aka nema. Abu uku suke son sani: wane ne kai, da izinin wa kake zaune a ƙasar, kuma ina da ina ka zauna a shekara ukun da suka wuce. Ɗan ƙasa lambar fasfonsa zai rubuta, su su nemo hotonsa daga ofishin fasfo. Irinmu kuma, da can wani kati ne na izinin zama muke nunawa, amma wa'adinsa ya ƙare a ƙarshen 2024, izinin ya koma cikin kwamfuta. Yanzu sai ka shiga shafin ma'aikatar cikin gida ka ciro wata lamba mai haruffa da alƙaluma tara, wadda ke mutuwa bayan kwana 90, ka ba su, su leƙa su ga bayananka. Ba sa ɗaukar yatsa domin lasisi. Wanda aka ɗauka a Abuja ko Legas ranar neman biza shi ne tushe, a kansa ake ɗora komai.

To a nan gizo ke saƙar, domin kwamfuta ce ke tambayar kwamfuta, kuma ba ta san alkunya ko laƙabi ba. A ce sunan yankan mutum Muhammadu Lawal, mahaifinsa Musa. A firamare malam ya rubuta Lawal Musa. A sakandare an samu Lawal Musa uku a aji, sai aka ƙara masa Daura. A banki ya zama Mohammed L. Musa, a fasfo kuma Musa Muhammad Lawal. A unguwa babu wanda zai yi gardamar cewa mutum ɗaya ne, an ci tuwon sunansa, an san kakansa. A nan mutum huɗu ne, kuma sai ya kawo takardar da ta haɗa su. Su sunan dangi ɗaya suke gada daga kakanni, a kansa aka gina kowane fom, mu kuwa kowane ɗa sunan ubansa yake ɗauka. Hatta lambar lasisin da haruffa biyar na farko na sunan dangi take farawa. Idan sunan bai kai biyar ba a cike da 9: mai suna Musa ya ga MUSA9, mai suna Isa ya ga ISA99. Alƙaluman da ke biye kuma ranar haihuwarka ce aka jujjuya. Kenan wanda ya shigo da suna a birkice ko ranar haihuwar da aka yanka masa a tsaye, haka zai yi ta jan su a lasisi da inshora da banki.

Maganar ranar haihuwa ba sai na tsawaita ba. Mu da aka haifa a ɗaki, da "shekarar da aka ba Katsina jiha" ake ƙirga mana, a je kotu a yi rantsuwa, a rubuta 1 ga Janairu. Ba su damu da wannan ba, su abin da fasfo ya ce suke bi. Matsalar ita ce a samu 1987 a takarda ɗaya, 1989 a wata.

Idan na'urarsu ba ta gamsu ba, sai su ce a aiko da takardun asali ta gidan waya. Ba sa karɓar kwafi, kuma ba sa karɓar takardar shaidar da aka liƙe a cikin leda. Wannan ya kamata ka ja masa kunne a kai, domin mu da an ba yaro takarda mai muhimmanci, shagon masu liƙe leda ake fara kai ta saboda tsoron gara da damina. A wasu lokutan kuma sukan nemi wani ya sa hannu a bayan hotonka, ya shaida cewa kai ne. Na ɗauka a nan ne za mu yi kama da su, tunda a gida ma mai unguwa da dagaci ke shaidar mutum kafin ƙaramar hukuma ta ba shi takardar ɗan asali. Ashe a juye abin yake. Sharaɗin mai sa hannun shi ne ya san ka, yana da lasisin ƙasar, kuma kada ya zama ɗan'uwanka ko wanda kuke gida ɗaya. Wanda ya fi kowa saninka shi aka fara cirewa. Ko ni ba zan iya sa wa yaron nan hannu ba.

Abin da na ga sun fi mu da shi da gaske shi ne adireshi. Kowane gida yana da lamba da sunan titi da wata lambar gidan waya da ta taƙaita ga 'yan gidaje kaɗan. Ba a zuwa karɓar lasisi. Ma'aikacin gidan waya ne zai zura ambulan ta wata 'yar kafa da ke jikin ƙofa, ka dawo daga aiki ka tarar da shi a ƙasa, kati kore na ɗan koyo, da hotonka da adireshinka a jiki. Wannan kawowar ma bincike ce: wanda ya rubuta gidan da ba nasa ba, katinsa ya faɗa hannun wani. In ka tashi daga gida dole ka sanar da su, kyauta ne, amma rashin yi yana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. Ka kwatanta da "bayan rijiyar Kusugu, ka tambayi gidan mai awo". Kwatancen yana kai baƙo har zaure, amma ba ya shiga kwamfuta.

Saboda ƙasar ba ta da katin ɗan ƙasa irin namu (sun yi dokarsa a 2006, gwamnatin da ta zo a 2010 ta soke), lasisin ne ya zama katin shaida na yau da kullum. Da shi ake buɗe asusun banki, da shi ake karɓar saƙo a gidan waya, kuma tun 2023 yana cikin abubuwan da ake nunawa a rumfar zaɓe a Ingila. Mutane da yawa suna yin na koyon alhali ba su da niyyar taɓa sitiyari. Shi ya sa nake ba da shawarar ya nema da zarar ya samu tsayayyen masauki, ya ajiye fasfonsa a akwati. Wani abin kuma, doka ba ta tilasta maka yawo da lasisin a mota ba. Ɗan sanda zai iya duba ka a na'urarsa, ko ya ba ka kwana bakwai ka kai ofishinsu.

Kada ka ɗauka komai nasu daɗi ne. Lasisin koyo shi ne mai sauƙin. Kafin a ba ka cikakken lasisi sai ka ci jarrabawa biyu. Jarrabawar kwamfuta fam 23, tambaya 50, sai ka ci 43, ga wani ɓangare na bidiyo da ake gwada saurin hango haɗari. Ta kan titi fam 62 a ranakun aiki, kusan minti 40, kuma kafin ka shiga motar sai ka karanta lambar wata mota daga nisan mita 20. Samun ranar jarrabawar kan ɗauki watanni. Kuɗin malamin tuƙi na awa ɗaya ya fi kuɗin lasisin shekara biyar a gida, inshorar sabon direba kuwa sai wanda ya gani. Wanda ya ci jarrabawa da mota mai canza giya da kanta ba shi da izinin tuƙa mai kuloci, don haka gara da ya koya da tsohuwar motarka.

Ni a ganina tsarinmu na gida bai gaza a takarda ba. Ɗaukar yatsa da hoto a gaban ma'aikaci ya fi ƙarfin cike fom a waya. Inda muke yoyo shi ne masu cewa "kawo kuɗi da hoto, jibi ka zo ka karɓa". Duk lasisin da aka yi wa mutum bai je an ɗauki yatsunsa ba, ya sa alamar tambaya a kansa. A nan ma akwai irinsu a Facebook da WhatsApp, masu alkawarin lasisi babu jarrabawa, kuma baƙi suke farauta. A gida jabun kati kan jawo tara da ɓacin rana, a nan yana iya taɓa izinin zaman mutum gaba ɗaya.

Saboda haka kafin ya biya kuɗin biza, ku zauna ku baje takardunsa a tabarma: fasfo, NIN, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, lasisin da takardar gurbin karatun. A duba jerin sunayen harafi bayan harafi, a duba ranar haihuwa. Duk inda aka samu saɓani a gyara tun yana gida, domin gyaran NIN ko fasfo daga nan ya fi tsada da cin lokaci. Idan lasisin ya kusa ƙarewa ya sabunta shi da kansa. Ka turo mini hoton shafin fasfon da na takardar makarantar in sake dubawa, kuma ka tabbatar da sunan da makarantar ta ɗauka a matsayin na dangi, domin shi zai bi shi zuwa biza da lasisi.

Wassalam, ƙaninka.